Rumbu Ya Rushe a Gona, Ya Yi Tsada a Bango

A watan Fabrairun 2014 aka aro wasu zane-zane biyu daga gidan adana zane na Whitney da ke New York, aka rataye su a ofishin shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama. Edward Hopper ne ya zana su da fentin mai tsakanin 1930 da 1933, a ƙauyen South Truro da ke gaɓar teku a jihar Massachusetts, inda yakan kama hayar gida a lokacin zafi. Ɗaya gidan wani mutumin ƙauyen ne, ɗayan kuma rumbunansa: gine-ginen katako da suka kwana biyu, tuddai a bayansu, ciyawa a gabansu. Babu mutum ko ɗaya a cikin zanen, babu doki, babu ko kaza. A ƙasar da yau ba a samun mutum biyu cikin ɗari da ke cin abinci da noma, an zaɓi hoton tsohon rumbu a sa shi a ɗakin da ake yanke manyan hukunce-hukuncenta. Kuma abin bai tsaya a fadar shugaba ba. Zanen tsohon rumbu ya cika kalandu, da katunan gaisuwa, da bangon asibitoci da otal-otal, da kasuwannin intanet. Abin tambaya shi ne: me mutanen birni suke nema a jikin ginin da manomin kansa ya daina amfani da shi, kuma me zanen yake nuna musu, me yake rufe musu?

Sai an san ginin kafin a fahimci zanen. Rumbun manomin Amurka da na arewacin Turai ya sha bamban da namu na laka mai jinka. Katafaren gini ne na katako, sau da yawa ya fi gidan mai gonar girma da tsawo, domin hunturunsu yana rufe ƙasa da dusar ƙanƙara na tsawon watanni, dabba ba ta da inda za ta yi kiwo. A ƙasa ake ɗaure shanu da dawakai. A saman bene ake jibge ingiricin da za su ci har ƙanƙara ta narke. A tsakiya akwai daɓe mai faɗi da manyan ƙofofi biyu masu fuskantar juna. Nan amalanke ke shigowa da kaya, nan ake sussukar alkama, in an zo sheƙa sai a wangale ƙofofin iska ta ratsa ta kwashe ƙaiƙayi. Jamusawan da suka zauna a jihar Pennsylvania sukan jingina nasu da gefen tudu, yadda amalanke zai hau kai tsaye zuwa benen ta baya, dabbobi kuma su fita ta gaba a ƙasa. Ana haɗa ginshiƙan da turakun itace maimakon ƙusa, kuma da gayya ake tayar da su: maza su ɗaga, mata su yi girki, kafin rana ta faɗi ƙashin ginin ya tsaya. Jama'ar Amish, wasu manoman Amurka masu riƙo da tsohuwar al'ada, suna yin wannan gayya har gobe.

Jan launin da aka san rumbunan da shi ma talauci ne ya zaɓe shi. Katako in an bar shi tsirara ruwa da rana za su cinye shi, don haka manoma suka riƙa shafa masa man lilin, wato man da ake matsewa daga irin tsiron da ake saƙa yadin lilin da shi, suna gauraya shi da jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe. Babu launin da ya kai wannan araha. Abin sha'awa, wannan mai da wannan jar ƙasa su ne dai kayan aikin mai zane. Fentin da ke jikin rumbu da fentin da ake zana rumbun da shi asalinsu ɗaya.

Fentin mai ba ya bushewa da wuri. Man yana shan iska ne sannu a hankali har ya daskare, abin da kan ɗauki kwanaki, mai kauri ma ya kai watanni. Wannan jinkiri shi ne ƙarfinsa. Mai zanen da ya san aikinsa, in zai yi tsohon katako, yakan fara shimfiɗa launi mai duhu, ƙasa-ƙasa da baƙi, ya bar shi ya kama. Sannan ya ɗebi ruwan toka a bakin buroshin da ya kusa bushewa ya ja shi sama-sama, yadda duhun na ƙasa zai riƙa leƙowa kamar tsagar itace. Jan fentin kuwa ba zai baza shi ko'ina ba. Zai bar shi ya yi ƙarfi a ƙarƙashin rufi inda ruwa da rana ba su kai, ya koɗe a ɓangaren da ke shan hantsi, ya ƙare gaba ɗaya a gindin bango inda ƙanƙara ke taruwa. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban rumbu na gaske ne kaɗai ya san haka, kuma daga nan ake fara gane wanda ya je gona da wanda ya kwafo daga hoton wani. Zuwa gonar ma da can wahala ne, domin a mafitsarar alade ake ƙunshe fenti, in an huda ta sai saura ya bushe. A 1841 wani mai zane Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar bututun kuza mai matsuwa, irin wanda daga baya aka riƙa zuba man goge baki a ciki. Daga nan mai zane ya samu damar saɓa akwatinsa ya nufi karkara.

Sai dai tun kafin bututun, zanen karkara ya riga ya ɗauki wata ɗabi'a da har yau bai rabu da ita ba: mai gona ne ke biya, don haka abin da mai gona ke son gani ake zanawa. Wajen 1750 Thomas Gainsborough ya zana wani matashin attajiri, Robert Andrews, da matarsa a gefen gonarsu a Ingila. Shi yana tsaye da bindiga da kare, ita tana zaune da rigar siliki, alkama an girbe an ɗaure dami-dami a gefensu. Wanda ya girbe ta ba ya cikin zanen. Marubuci John Berger ya yi dogon bayani a kan wannan zane a 1972, yana nuna cewa fentin mai ya daɗe yana yi wa masu dukiya hidimar nuna abin da suka mallaka.

John Constable ya fi Gainsborough sanin aikin karkara, domin mahaifinsa ne ke da injin niƙa na Flatford a bakin kogin Stour, a yankin Suffolk. Zanensa na 1821, amalanken ɗiban ciyawa yana ratsa ruwa kusa da wani ɗan gida, shi ne Ingilishi suka fi ɗauka a matsayin fuskar ƙasarsu. A Landan bai samu mai saye ba da farko, sai da aka kai shi baje kolin Faris a 1824 ya ci lambar zinariya. Zane ne mai kyau ƙwarai, ban ga dalilin musun haka ba. Gajimarensa kaɗai sun isa mutum ya tsaya rabin sa'a. Amma masu yankan ciyawa can nesa ya ajiye su, ƙanana ƙwarai, sai an matsa kusa ake ganinsu. Shekara ɗaya bayan kammala zanen, a 1822, leburorin gona a Suffolk da Norfolk suka tashi suna farfasa injunan sussuka suna cinna wa tarin ciyawa da rumbuna wuta, saboda injin ya ƙwace musu aikin hunturu ga yunwa. A 1830 boren ya game kudancin Ingila, aka rataye mutum 19, aka kwashe kusan 500 zuwa Ostireliya. Rumbun da ke cin wuta bai shiga zanen Constable ba.

Wanda ya jawo leburan gona daga can nesa ya kawo shi gaba-gaba shi ne Jean-François Millet, ɗan manoma daga Gruchy a yankin Normandi na Faransa, wanda aka haifa a 1814, ya koma ƙauyen Barbizon da zama a 1849. Zanensa na masu kala, na 1857, ya cancanci a tsaya a kansa. Mata uku ne a gonar alkama da aka gama girbewa. Biyu sun duƙa, hannu a ƙasa suna tsintar zangarniyar da ta zube. Ta ukun ta ɗan ɗago, amma bayanta bai miƙe ba, kamar ya manta yadda ake miƙewa. Abin da ke hannun kowace ɗan ƙulli ne da bai fi cikin tafi ba. Fuskokinsu ba su fito sosai ba, Millet ya fi kula da hannaye, masu kauri, jajaye. Can baya kuwa, cikin hasken rana, ga tsibin alkama kamar tuddai, ga amalanke ana lodi, ga ma'aikata birjik, ga wakilin mai gona a kan doki yana sa ido. Ko kan mace ɗaya bai haura layin da ƙasa ta haɗu da sama ba. Ƙasa ta riƙe su duka ukun. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kalar gyaɗa a gonar wani bayan an kwashe amfani ba ya buƙatar a fassara masa wannan zane. Masu kuɗin Faris ma sun fahimce shi, shi ya sa bai yi musu daɗi ba. Juyin juya halin 1848 bai yi shekara goma da wucewa ba, ga wani ya zana matalauta da girman da aka saba ba sarakuna da waliyyai.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da kasuwar zanen karkara ta koya. Millet ya yi wani zanen, miji da mata a gonar dankali sun tsaya da aiki sun sunkuyar da kai suna addu'a da jin ƙararrawar coci. Ya rabu da shi a kan kimanin faran 1,000. Ya rasu a 1875. A 1889 aka yi gwanjon zanen a Faris a kan faran 553,000, iyalinsa ba su ga ko sisi ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ciniki yana cikin abubuwan da suka sa Faransa ta yi doka a 1920 cewa mai zane ko magadansa suna da kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo. Amma a lura da wanda ya yi tsadar farko. Manomi mai addu'a, mai haƙuri, shi attajirai suka yi rububinsa, aka buga shi a faranti da kalanda. Vincent van Gogh, wanda ya ɗauki Millet tamkar uba a sana'a, ya zana iyalin manoma suna cin dankali a ƙarƙashin fitila a 1885, da fuskoki masu ƙashi da launin ƙasa, da gangan ya ƙi ƙawata su. Bai samu mai saye ba.

A Amurka rumbun kansa ne ya zama jarumin zane, kuma tun da wuri aka samu wanda ya gane cewa ƙofar rumbu tana iya faɗin abin da baki ke jin nauyi. William Sidney Mount, mutumin tsibirin Long Island, ya yi wani zane a 1847 da yanzu ke gidan adana zane na Cleveland. A cikin rumbu wani saurayi farar fata yana goge, wasu fararen fata biyu suna saurare. A waje, jingine da bango inda na ciki ba za su gan shi ba, wani baƙar fata ne tsaye, hularsa a hannu, gatarinsa da tulunsa a ƙasa, ya karkata kai yana jin kiɗan da ɗan murmushi. Shi ne ya fi kowa girma a zanen, shi ne kuma ya fi kowa nutsuwa cikin sauraro. Shekara 20 ke nan a lokacin da jihar New York ta kammala soke bauta, amma katakon ƙofar nan yana nan tsakaninsa da sauran. Mount ba ɗan gwagwarmayar 'yanta bayi ba ne, hasali ma yana adawa da su a siyasa. Idonsa ne ya fi ra'ayinsa gaskiya, kuma abin da nake nema ke nan a wurin mai zane.

Ƙasar da aka kafa yawancin rumbunan yammacin Amurka a kanta ma tana da nata labarin. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili na shekara biyar eka 160, kuma filayen nan na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora. Da wuya ka ga alamarsu a zanen rumbu.

Shekarun 1930 su ne lokacin da zanen gona ya zama maganar ƙasa baki ɗaya. Tattalin arziki ya karye, wasu masu zane daga tsakiyar ƙasar, Grant Wood na Iowa da Thomas Hart Benton na Missouri da John Steuart Curry na Kansas, suka ce a daina kwaikwayon Faris a zana gida. Zanen Wood da ake kira American Gothic, na 1930, shi ne ya fi shahara: dattijo riƙe da sandar ɗiban ciyawa mai yatsu uku, mace a gefensa, farin gida a bayansu, gefen jan rumbu yana leƙowa ta bayan kafaɗarsa. Gidan na gaske ne, yana garin Eldon. Mutanen kuwa ba manoma ba ne: ƙanwar Wood ce da likitan haƙoransa. Wood ya samu kyautar dala 300 a Chicago, manoman Iowa da yawa kuma suka fusata, suna ganin an mai da su masu ɗaure fuska marasa walwala. Ko su waye suka fi gaskiya, abin lura shi ne manomi ya fara tanka wa mai zanensa, abin da matan Millet ba su samu damar yi ba.

A waɗannan shekaru ne kuma fari da guguwar ƙura suka afka wa filayen Texas da Oklahoma da Kansas, bayan an kafce ciyawar da ke riƙe da ƙasa an shuka alkama. Ranar 14 ga Afrilun 1935 ƙurar ta mai da rana dare. Alexandre Hogue, wanda ya san yankin tun yana yaro, ya zana abin yadda yake a 1934: yashi ya binne rabin gida, famfon iska ya karye, saniya ƙashi da fata tana tsaye a bakin kwamin da ƙura ta cika, ungulu na jira a sama. A ganina wannan zane ya fi dubun jajayen rumbuna daraja, domin mutumin da ya yi shi yana ƙaunar ƙasar har ya kasa yi mata ƙarya.

Shekarar 1935 ɗin nan ita ce kuma ƙololuwar yawan gonaki a Amurka: miliyan 6.8, kowace a matsakaici eka 155. Ƙidayar 2022 ta samu kimanin miliyan 1.9, kowace eka 463. A 1954 yawan taraktoci ya zarce na dawakai da alfadarai, sai ɗakin doki ya zama fanko. Injin da ke girbi da sussuka lokaci guda ya kashe aikin daɓen tsakiya. A farkon shekarun 1970 aka fito da injin da ke naɗe ciyawa ƙatuwar dunƙule, wadda ba ta hawa bene, ana barinta a fili. Manyan injuna ba sa shiga tsohuwar ƙofa, don haka manomi ya gina rumfar ƙarfe mai araha, ya bar tsohon rumbu. Rufi ne ke fara yoyo, ruwa ya ruɓar da ginshiƙi, bayan wasu shekaru ginin ya durƙusa. Ƙidayar gonaki ta 2007 ta samu gonaki kimanin 660,000 ne kacal da ke da rumbun da aka gina kafin 1960. A 1987 ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta ƙasar ta haɗa kai da mujallar manoma ta Successful Farming suka riƙa ƙarfafa wa manoma gwiwa su gyara tsofaffin rumbuna su ci gaba da mora. Wasu an mai da su wurin biki. Wasu an ɓamɓare katakonsu an sayar wa masu ƙawata gidajen cin abinci a birni.

Yayin da rumbunan ke faɗuwa, zanensu ke ƙaruwa, kuma masu sayen 'ya'ya da jikokin waɗanda suka bar gona ne. Anna Mary Robertson Moses, wadda duniya ta sani da Grandma Moses, ita ce ta fi kowa amsa wannan kewa. An haife ta a 1860, ta fara aikatau a gidajen manoma tana da shekara 12, ta haifi 'ya'ya goma, biyar suka rayu, ba ta kama zane gadan-gadan ba sai da ta doshi tamanin, bayan ciwon gaɓɓai ya hana ta ɗinki. A 1938 wani mai tara zane ya ga ayyukanta a tagar kantin magani a garin Hoosick Falls, a 1940 aka baje su a New York. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101, kuma a 2006 aka sayar da wani zanenta a kan dala miliyan 1.2. Akan zarge ta da cewa ta cire turakun waya da taraktoci daga ƙauyukanta, ta zana duniyar ƙuruciyarta. Haka ne. Amma a duba zanen da kyau: kowa a ciki aiki yake yi. Wannan na dafa ruwan itace ana yin sukari, wancan na kama talo-talo, mata na shanya, yara na ɗauko itace. Ta san kowane aiki da hannunta. Ban ga laifin tsohuwar da ta zana abin da ta rayu a ciki ba, kuma raina irin wannan zane da wasu masana ke yi, suna kiransa kayan kalanda, raini ne ga mutanen da suka rasa gidajen iyayensu suke neman abin da za su rataya su tuna.

Eric Sloane, wanda ya rasu a 1985, ya bi wata hanyar: ya zana rumbuna da yawa, ya kuma rubuta littattafai yana bayyana yadda aka sassaƙa kowane ginshiƙi da irin gatarin da aka yi aikin da shi, har tarin kayan aikinsa ya zama gidan tarihi a garin Kent na jihar Connecticut. Charles Sheeler da Georgia O'Keeffe, wadda aka haifa a gonar shanun madara a Wisconsin, su kuma sigar ginin ce ta ja su, bango da rufi da inuwa, ba tare da ado ba.

Inda abin ya lalace shi ne inda rumbu ya zama tsari da ake maimaitawa. Bob Ross ya koyar da miliyoyin mutane zane a talabijin daga 1983 zuwa 1994, yana kammala hoto cikin rabin sa'a ta hanyar ɗora ɗanyen fenti a kan ɗanye, kuma ya sa mutane da yawa sun ɗauki buroshi, wannan alheri ne. Sai dai rumbun da ake koya a rabin sa'a ba na kowa ba ne, ba a kowace jiha yake ba, ba a taɓa ɗaure saniya a cikinsa ba. A unguwar Dafen ta birnin Shenzhen a Sin, dubban masu zane suna fitar da hotunan fentin mai don kasuwannin Turai da Amurka, kuma karkarar da mai zanen bai taɓa takawa ba tana cikin hajar. Irin wannan rumbu kullum rana na faɗuwa a bayansa, kullum rufinsa ya ɗan lotsa daidai yadda zai ba da sha'awa, ba wanda ya ci bashin banki a kansa, ba wanda aka yi wa gwanjon gonarsa kamar yadda aka yi wa dubban iyalai a rikicin bashin manoma na shekarun 1980. Lalacewar da ta kasance baƙin cikin wani gida ta koma kwalliya.

Ba rashin mutum a zane ne matsalar ba. Andrew Wyeth, wanda da kwaɓin gwaiduwar ƙwai ya fi yin aiki maimakon mai, ya shafe shekaru kusan talatin yana zana gida ɗaya da rumbunsa a Cushing ta jihar Maine, na wata mata mai suna Christina Olson da ɗan'uwanta. Cuta ta kashe mata ƙafafu, ta ƙi keken guragu, da jan ciki take zagaya gonarta. A zanensa na 1948 tana kwance a ciyawa da riga ruwan hoda, ta juya mana baya, tana duban gidan da rumbun can saman tudu, siraran hannayenta sun dafe ƙasa. Bayan rasuwarsu ya zana ɗakunan babu kowa, amma mai kallo yana jin wanda ya fita. Bambancin fankon rumbun da ke da nauyi da wanda ba shi da shi yana ga ko mai zanen ya san wanda ya rufe ƙofar.

Akwai kuma waɗanda har yanzu ba a cika zanawa ba. A 1920 baƙaƙen fata ne ke riƙe da gona ɗaya cikin kowace bakwai a Amurka, sama da gonaki 900,000. Yau ba su kai biyu cikin ɗari na manoman ƙasar ba. Mafi yawan leburorin da ke tsinkar kayan lambu da 'ya'yan itace a gonakin ƙasar a yanzu haifaffun wata ƙasa ne, galibi Meziko, kuma da yawa daga masu tatsar shanu da asuba a manyan gonakin madara su ne. Su ne masu kalar wannan zamani, kuma mai neman su a cikin zanen karkara da ake sayarwa zai sha wahala.

Mu ma muna da irin wannan kasuwa, ko da ba ta kai tasu girma ba. Wanda ya shiga otal ko babban ofis a Abuja ko Kano ya san hotunan: Bafulatana da ƙwaryar nono, mahaya a hawan sallah, bukkoki da rumbuna rana na faɗuwa. Mai saye ɗan birni ne da kakansa ya yi noma. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe yana yaye masu hannu, gwaninta ba ita ce ta yi mana ƙaranci ba. Rumbun laka yana ja da baya a gaban buhu da shagon bulo, maginansa suna tsufa, kuma a ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun ƙone rumbuna da hatsin shekara a ciki. Ina roƙon masu zanenmu su je su zauna a ƙauye ɗaya har su san mai rumbun da sunansa. Su zana shi yadda yake, da buhun taki a jingine da babur a gefe, su zana matan da ke sussuka a gaba-gaba, su zana wanda aka ƙone ma tun toka ba ta huce ba. Masu saye kuma, in an kawo muku irin wannan, ku biya shi da daraja.